Wa Ke Buga Ƙwallon da Ke Gaban Nawa?

Hajiya Ummukulthum, don Allah ki taimake ni da shawara. Ko iyalina na kasa faɗa wa wannan magana.

Ni ma'aikaci ne a Abuja, gidana na Bagama, nan Suleja. Aminina Bamalli ne ya koya mini wasan golf, wanda ake buga ƙwallo da sanda har ya faɗa rami. Kowace Asabar mota ɗaya muke shiga zuwa filin wasa, 'yan unguwa na yi mana dariya wai dattawa na bin ɗan ƙwallo cikin ciyawa. Akwai wani fili a bakin teku a Maroko da ya taɓa bugawa, kullum zancensa ke nan, wai sai ya kai ni. Allah bai nufa ba, ya rasu bara bayan Babbar Sallah.

Watan jiya aiki ya kai ni ƙasar, na ce bari in cika masa burinsa. Da hantsi na isa filin, rana tar. Mai karɓar baƙi ya dubi bayana, ya tambaya ko mu biyu ne. Na ce ni kaɗai ne. Sai ya ba ni haƙuri.

Na yi bugun farko, na taka zuwa inda ƙwallona ya faɗi, sai ga wani ƙwallon kwance gaba da nawa kaɗan. Ba kowa gabana, ba kowa bayana. Rami na gaba ma haka, na bayansa ma haka. Daidai wannan 'yar tazarar Bamalli kan fi ni, ya tsaya yana jirana. Na daure na ɗauka. Ɗigo biyu na jan biro, irin shaidar da yake yi wa nasa. Kuma da ɗuminsa, Hajiya, kamar yanzu aka ciro shi daga aljihu. Na ajiye, na juya ban ƙarasa wasan ba. Har ƙofa ina jin taku a haguna.

Yanzu babban ɗansa, Saifullahi, wanda ya gaji sandunansa, zai je taro Maroko. Ya same ni har gida yana tambayar filin da zai buga. Na ce zan yi tunani. In na faɗa masa, ina tsoron abin da zai tarar. In na ɓoye, na raba shi da wurin da mahaifinsa ya fi so.

Mai Sanda, Suleja

*

Malam, Allah ya ji ƙan Bamalli. Ba zan ƙaryata ka ba, amma ba shi ba ne. Wanda ya rasu ba ya dawowa wasa. Ƙwallon da ya kwanta a rana dole ya yi ɗumi, jan biro kuma kowa na da shi. Tambayar mai karɓar baƙin ce ba ni da amsarta, ba kuma zan ƙirƙiro maka ba.

Tsoronka ƙauna ce, amma Saifullahi magidanci ne, ba yaro ba. Zaunar da shi, ka faɗa masa sunan filin da duk abin da ka gani. Nemo masa sunan wani filin daban a wurin abokan wasanku, zaɓi ya rage nasa. In ya zaɓi na mahaifinsa, ya tafi da abokin tafiya, ya riƙe addu'o'insa.

Kai kuma ka faɗa wa matarka yau. Ka ziyarci kabarin amininka, ka yi masa addu'a, ka gaya wa zuciyarka cewa alkawarin nan ya cika, tunda ka je filin. Allah ya ba ka natsuwa, ya kai Saifullahi lafiya, ya dawo mana da shi lafiya.