Jar Fitilar da Kuka Kunna a Bakin Rijiyata

Zuwa ga Mai girma Darakta, shugaban cibiyar binciken da ke sarrafa karan auduga a nan Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, kai da ma'aikatanka. Ya iyali, ya zafin Garwa? Sunana Alhaji Garba Ɗanladi, mazaunin Jambutu, tsohon ɗan kasuwar auduga da ciwon gwiwa ya zaunar. Na rubuto a fili ne domin sau biyu ina aiko takarda ta hannun mai gadin ƙofarku, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Ka yi haƙuri in faro daga tushe. Tsoho bai iya kama labari daga tsakiya ba.

1. Bara, bayan an tsince auduga, mutanenku suka same ni a gona suka roƙi kada in cinna wa kara wuta, suna so. Na ce su kwashe, har da godiya. Shugabarsu Dokta Hawwa, yarinya mai ladabi 'yar garin Bogo, ta zauna ta yi min bayani da Hausa da ɗan Fillanci. Ta ce a cikin kara akwai wani zare, shi kuke cirewa ku gasa a tukunyar da iska ba ta shiga, har ya zama gawayin da ya fi kwalli laushi, ƙwayarsa ido ba ya gani. Wani kason ku yi batirin da ke riƙe wutar rana, wani ku shafa a 'yar takarda mai tsawon yatsa, a tsoma a ruwa ta tona abin da ke cikinsa. Na ce mata, 'yata, mu da muka yi shekara hamsin muna ƙona wannan kara ashe ilimi muke ta mayarwa toka. Fitilar da kuka ba masallacinmu da irin wannan batiri tana ci har yau. Wannan na shaida, Allah ya saka.

2. Talata ta biyu bayan Sallar Layya suka dawo da takardun nan da wata 'yar na'ura mai kama da wayar hannu. Suka gwada ruwan foraj, wato rijiyar burtsatse ta bakin titi, fitilar na'ura ta kawo kore. Suka zo rijiyar gidana, ta kawo ja. Dokta ta sake sabuwar takarda, ja. Ta sake, ja. Sai ta juya ga abokin aikinta suka koma Faransanci ƙasa-ƙasa. Faransancina na kasuwa ne, ya san farashi da kilo, bai kai nan ba. Suka cika kwalba biyu, ta durƙusa ta ce, Baba, za mu kai labo, ɗakin gwajinmu, mu dawo. Yau mako bakwai.

A nan ina da laifi, ba zan ɓoye ba. Zaure cike yake da maƙwabta, ga surukina a tsaye. Dattijo ba ya nuna razana a gaban jama'a, sai na gyara rawani na ce Allah ya kiyaye hanya, kamar wanda aka gaya wa farashin goro. Ita kuma na ga bakinta ya motsa ta haɗiye maganar, domin 'yar gidan mutunci ba ta gaya wa sa'an kakanta mugun labari a bainar mutane. Ta ji kunyata, na riƙe girmana, muka bar rijiya a tsakiya. Hajiya Dije, uwargidana, ta ce da ni daga baya: kai da kunyarka, ita da tata, mu kuma da cikinmu.

3. Wannan rijiya, ranka ya daɗe, ba ta gidana kaɗai ba ce. Mahaifina ya haƙa ta sadaka, ya sa ƙofarta ta waje domin kada wani ya yi sallama kafin ya sha. Gida goma sha ɗaya ne ke ɗiba. Washegarin zuwanku na sa aka yi mata murfi na danna kwaɗo. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin an hana ruwa a gidan nan ba, sai ga shi da hannuna. Da aka tambaye ni dalili na ce gyara za a yi, domin ban san abin da zan ce ba. In na ce guba ce, me na sani? In na ce lafiya, me na gani?

Maƙwabciyata Marta, mutuniyar ƙauyukan kan dutse da ke suyar ƙosai a bakin layi, shekara ashirin tana jiƙa wakenta da ruwan nan. Ta tare ni a ƙofa ta ce, Alhaji, in rijiyar ta musulunta ne ta daina ba Kirista ruwa, a gaya mana mu yi mata barka. Muka yi dariya, amma dariyata ba ta wuce haƙora ba. Foraj layinsa tun asuba har hantsi, ga yawan lalacewa. Ranar Lahadi na ga matan unguwa, har da surukar Marta mai goyon jariri, suna dawowa da jarkoki daga kududdufin bayan gari, inda shanu ke sha. Wannan ruwan ba na buƙatar na'urarku kafin in san halinsa. To ka ga inda nake tsaye. In na buɗe ina tsoro, in na bari a rufe ina tsoro.

4. Ga abin da ban gaya wa Dokta ba, shi ne kuma ke cin raina. Shekarun da nake harkar auduga, a ɗakin da ke jingine da rijiyar nan nake ajiye durom-durom na maganin feshi da buhunan taki kafin a raba wa manoma. Wata damina durom ɗaya ya tsage, muka zuba yashi muka share, muka ce ƙasa ta shanye. Dokta ta taɓa cewa takardar tana jin alamar maganin feshi da ta wasu ƙarafa. Ban san wanne ta ji a ruwana ba. Ban san ko na'urar da kanta tana kuskure ba, tunda an ce har yanzu gwaji kuke yi. Amma tun ranar, duk wanda ya yi ciwon ciki a layin nan sai in ji kamar sunana ya kira. Ƙanena da ciwon ƙoda ya ɗauke, na binne shi da haƙuri, yanzu ina ta tono shi a zuciya.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Na ɗaya, ku aiko da sakamakon kwalaben nan a rubuce, da Hausa ko Fillanci, a taƙaice: a sha, ko kada a sha. In wanki ya halatta, ku faɗa, ko shi sauƙi ne.

Na biyu, ku zo da takardunku ku gwada rijiyoyin da ke kusa da tawa da kududdufin can. Ruwan ƙasa ba ya sanin katanga.

Na uku, ku koya wa yaranku cewa duk inda za su tsoma wannan takarda su faɗi ma'anar kowane launi tun kafin ta jiƙe. Kada a tsawata wa Dokta Hawwa, tarbiyya ce ta rufe mata baki. A dai gaya mata ta zo ta faɗa min a gaban kowa, na yafe mata kunyar.

Duk abin da kuka ce, ni zan sanar da shi a ƙofar masallaci, in bi gida-gida har wurin Marta, in haɗa da zancen durom ɗin da bakina. In hukuncin shi ne a cike rijiyar mahaifina, ni zan zuba kwandon ƙasa na farko. Kada dai ku bar ni in zuba shi a kan zato.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa albarka a aikin hannunku, ya raba ka da ranar da za ka ji tsoron abin da kake ba maƙwabcinka.

Wassalam.

Alhaji Garba Ɗanladi,
Jambutu, Garwa.