Talatin da Biyun da Na Koya wa Jikata

Malama Ramlat, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, 'yata, na rasa wanda zan gaya wa.

Yau Asabar. Na tashi ƙafafuna a kumbure kamar jiya, tarin dai ya ɗan lafa. Tun farkon damina ban taka masallaci ba, a zaune nake salla. Ƙauyenmu yana gefen Bici, gona a jikin gona, yanzu kuwa dawa ta yi tsawo ta rufe min hanya, ko ta taga ba na ganin mai wucewa, sai dai in ji ƙarar babur. Mai ɗakina ta rasu. Ana kawo min tuwo, a gaishe ni daga bakin ƙofa, a tafi. Ba ƙorafi nake ba, kowa da hidimarsa.

Ni tsohon malamin makaranta ne, na koyar da lissafi da kimiyya tun kafin a haife ki, ina jin. Ina da jika, Khaulat, tana ajin ƙarshe a sakandare. Makarantarsu ta sa ta cikin waɗanda za a tace domin gasar Fiziks da za a yi a Kano. Tun daga nan take zuwa wurina duk Asabar da littattafanta. Farfesa take kirana don tsokana, ni kuma in ce mata uwar surutu. Mukan ɗaura dutse a zare mu kaɗa shi, mu gangara goruba a kan allo muna kallon yadda gudunta ke ƙaruwa. Ita kaɗai ce ke shigowa ta zauna.

Mu a zamaninmu da ƙafa da inci da laba aka koya mana awo, su kuwa mita ne da kilo. Na koya mata cewa abin da ya faɗo daga sama gudunsa yana ƙaruwa da talatin da biyu a kowace daƙiƙa. Ta nuna min littafinsu, goma aka rubuta. Na ce mata littattafan yanzu sauƙaƙawa suke yi, lambata ce ta ainihi. Wallahi a lokacin na manta cewa tawa da ƙafa ce, tasu da mita. Ta yarda da ni ta bar littafin. A gwajin farko ta yi aiki da lambata, lissafinta ya lalace. Mahaifiyarta Hure ce ta gaya min, wai malaminsu ya tsayar da ita a gaban aji ya tambaye ta inda ta samo wannan lamba, ta sunkuyar da kai ta ƙi faɗin sunana. Saura gwaji ɗaya, daga shi za a fitar da masu zuwa Kano.

Kuma ba wannan kaɗai ba ne. Rabin abin da ke littafinta ba a koya mana ba, kai kawai nake gyaɗawa. In na gaya mata ilimina ya ƙare, me zai sake kawo ta ɗakin nan? In na yi shiru, ni zan hana ta Kano. Ko'ina na juya ban ga ƙofa ba.

Yau na sa an shimfiɗa tabarmarta tun hantsi, na ajiye mata dafaffiyar gyaɗa. An kira la'asar, ba ta zo ba.

Tsohon malami, daga gefen Bici

Wa'alaikumus salam, Baba. Allah ya ba ka lafiya.

Tsoronka ba laifi ba ne, kaɗaici yana da ciwo. Amma gwajin nan nata ne, kuma lokacinsa ba ya jira. Ka gaya mata gaskiya, cikin makon nan. Kada ka jira Asabar, ka aiki Hure ta kira maka ita gobe.

Ina kuma ganin ba ka karanta jikarka daidai ba. Yarinyar da aka tsayar a gaban aji ta rufa maka asiri ba don lamba take zuwa wurinka ba. Wataƙila nauyi take ji, ba ta san yadda za ta ce wa kakanta ya yi kuskure ba. Kai za ka sauke mata nauyin. Ka nuna mata inda talatin da biyu ta fito, da yadda take komawa kusan goma in an juya ƙafa zuwa mita. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sake rubuta lamba babu ma'auninta ba.

Daga nan ku sauya wurin zama. Lissafin gasa ka bar wa malaminta da littafinta. Ita ta riƙa koya maka abin da ba ka sani ba, kai kuma ka matsa mata da tambaya kamar ɗalibi mai taurin kai. Duk inda ta kasa yi maka bayani, nan ne za ta koma ta karanta. Wannan aikin kuwa, malaminta ba shi da lokacinsa, kai kana da shi.

Kumburin ƙafar nan kuma kada a bar shi, 'ya'yanka su kai ka asibiti.

Allah ya ba Khaulat nasara. Ka sa a sake dafa gyaɗar, Baba, wannan karon kai ne ɗalibin.

Malama Ramlat