Gidan Gwangwani a Zahir

Makka, 9 ga Safar, 1375

Zuwa ga uwargida Shatu, a Bur Sudan.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yarmu Maryama. Yaya ƙafar taki? Ina gaida Malam Tsoho da zai karanta miki, ya yi haƙuri da rubutuna. Allona a Tabara ya tsaya, ba don na ƙoshi da karatu ba, bayana ne ya ƙoshi da dorina. Inda ya ga harafi ya yi kama da sawun kaza, ya cika da abin da ya fi daɗi.

Ni da ɗanki Dawuda lafiya lau, sai haƙori ɗaya da na bari a bazan, wato famfon da muke ɗibar ruwan sayarwa. Wani ƙato sabon zuwa ya ture gwangwanina ya sa nasa. Na yi masa faɗa da Larabcina, wanda ni kaina ba na ganewa, shi kuwa ya amsa da sandar zafa, itacen da muke rataya gwangwani biyu a kafaɗa. Kafin in tofar da haƙorin Dawuda ya hau ƙirjinsa, ya mayar masa da hanci gefe guda. Jini har cikin kwatami. Shehin masu ruwa ya hana mu ɗiba kwana uku. Yanzu in na yi dariya iska na shiga, a zafin garin nan kuwa riba ce.

Ga albishir: gida ya kammala. Ɗaki biyu da tsakar gida da za ki shanya zane uku, in kin ninka biyu. Bangon duk gwangwanin kananzir ne da muka farke muka daddale, shekara biyu muna tsinta. Da rana in kin jingina kin gasu, amma da yamma iska na zuwa daga lambuna.

Unguwar sunanta Zahir. Tun da aka fara rushe gidajen jikin Harami don a faɗaɗa shi, attajiran can suka kwararo nan da kuɗin diyya. Da safe su shiga mota su tafi kantunansu cikin gari, da la'asar su dawo, mu kuwa mu wuni muna shayar da iyalinsu da itatuwansu. Ruwa a nan ya ninka na cikin gari tsada, don haka ni ma attajiri ne daga asuba zuwa azahar. Daga nan mai burodi ya karɓi nasa, shehin masu ruwa ya karɓi nasa, igama kuma, takardar zama ke nan, ta kwashe ragowar. Albasa a nan sai kin yi mata sallama kafin ki taɓa ta.

Za ki ce ina na samu fili a irin wannan wuri. Shehu Abdulƙadir ne, tsoho mai sayar da turare, wanda nake kai wa ruwa shekara uku. Yana da kango a bayan gidansa, ya ce in zauna da iyalina iyakar rayuwata. Kwanan baya ya kira ni wai mu je wurin umda, mai unguwa, a rubuta a buga hatimi. Na ce Allah ya kiyaye. Ke kin san a Kazaure in dattijo ya ba ka aron fili, dami kake kai masa da kaka, shi ke nan. Wanda ya nemi shaida ya ce dattijon maƙaryaci ne. Na kama hannunsa na ce bakinsa ya fi mini hatimin umda. Ya ce takardar ba don shi ba ce, na ce ni dai ba zan ci mutuncinsa ba. Dawuda ya yi ta hararata har gida. Tun da ba ni da dami, na mayar da shi zafa ɗaya ta ruwa kyauta duk Juma'a.

Ki fara shiri. Shekara huɗu ke nan da kuɗin jirgi ya ishi mutum biyu kawai, muka haye muka bar ku kina wankau kina jiran ɗakin da na yi alkawari. To ga shi. Jirgin alhazai na Shawwal nake so ku hau.

Mijinki mai giɓi,
Rabe

Makka, 20 ga Rajab, 1375

Zuwa ga Shatu.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, kuma kuɗin jirgin da na aiko ta hannun Garba matuƙin kwale-kwale sun iso. Ki riƙe su da kyau, kuɗin sabunta igamata ne na juya. Na ce askari ba ya tambayar mai ruwa takarda, hannunsa kawai yake miƙowa a zuba masa ya sha.

Malam Tsoho ya rage murya a nan, kada Maryama ta ji. Shehu Abdulƙadir ya rasu watan jiya. Ni na zuba ruwan wankansa. Ko arba'in ba a yi ba ɗansa da ke Jidda ya turo dillali, wani Mukhtaru, haifaffen nan, jikan Bakano. Hausarsa kamar an jiƙa an matse. Ya tsaya bakin ƙofa yana toshe hanci, ya ce an sayar da kangon, mai saye zai yi bene hawa uku, in kwashe tarkacena. Na ce marigayi ya ba ni. Ya miƙo hannu in ba shi takarda. Na ce duk unguwa sun ga zafar Juma'a. Ya ce to ya gode da sanar da shi, ashe haya nake biya da ruwa, mai haya kuwa ana tashinsa.

Na je wurin umda. Ya dube ni ya daɗe, ya ce tsohon da kansa ya zo sau biyu da sandarsa yana tambaya ko mai ruwansa ya zo a rubuta. Shatu, da ƙasa ta tsage da na shige. Na kare mutuncin mutumin da ke rarrafowa don ya kare nawa.

Ranar Litinin Mukhtaru ya dawo da ƙarti biyu masu gora. Suka shure tukunya, suka watsar da tuwon da na tuƙa, wanda dama bai cancanci a ci ba. Dawuda ya shaƙe ɗaya har idanunsa suka firfito, da ƙyar na ɓamɓare shi. Washegari suka tare shi a hanya yana ɗauke da ruwa, hannayensa duka a kan gwangwani. Su huɗu. Suka karya masa ƙashin wuya na dama, daidai inda sanda ke zama. Ba kuskure suka yi ba, sun san inda abincinmu yake. Na same shi kwance cikin caɓin ruwansa, matan benaye na leƙe ta taga. Wani mai ɗori Bazabarme ya ɗaure shi.

Na zaga unguwa neman haya. Ɗakin ƙarƙashin matakala, wanda akuya za ta raina, kuɗinsa na shekara ya kai abin da mu biyu muke samu a wata tara, kuma a dunƙule ake biya. In alhazai sun zo a kora ki kan soro a ba su ɗakin. Wani maigida ya tambaye ni sana'ata, da na faɗa ya ce in kawo masa zafa biyu gobe, ya rufe ƙofa.

Kada ki fasa shiri. Ba zan tashi ba. Marigayi ya ce iyakar rayuwata, kuma da na duba da safen nan ina numfashi.

Naki,
Rabe

Makka, 2 ga Ramadan, 1375

Zuwa ga Shatu.

Ina gaishe ki da azumi, ina gaida Maryama da Malam. Allah ya sa kuna lafiya. Ni na samu ɗaki na dutse a tsakiyar gari, kyauta, har da mai gadi a ƙofa. Mu goma sha tara ne a ciki. Wani ɗan uwa da ke kawo wa fursunoni abinci shi ya ba ni takarda da alƙalami.

Ranar Laraba da hantsi suka zo, Mukhtaru da lebura shida da askari biyu. Ina bazan aka gaya mini, na yar da gwangwani na sheƙo da sandar kawai a hannu. Na tarar sun fitar da tabarmi da akwatin da na saya miki, sun ɗaura igiya a ginshiƙin tsakiya. Dawuda na ciki zaune da ɗorinsa, ya ce ba zai fita daga ɗakin uwarsa ba. Na ji da kunnena wani lebura ya ce akwai mutum a ciki. Mukhtaru ya ce su ja, in ya ji ƙara zai fito.

Suka ja. Gida ɗungurungum ya durƙusa kamar raƙumi. Kin san bakin gwangwani in an farke shi. Ni na daddale su da hannuna, na san kowanne. Da muka ɗaga rufin, fuskar yaron ta rabu daga goshi zuwa haɓa ta gefen hagu, jini na tsartuwa kan rigata. Bai yi kuka ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Baba, ba na gani ta nan.”

Ban san na juya ba. Shekara huɗu sandar nan na kan kafaɗata, ban taɓa sanin nauyinta ba sai da na sauke ta a kan Mukhtaru. Ta yi ƙara kamar an fasa ƙwarya. Ya faɗi, na ƙara masa a baki, na ƙara a hannun da ya kare da shi. Da askarawa ba su rufe ni da gindin bindiga ba da na kashe ɗan mutane a ƙasa mai alfarma, kwana kaɗan kafin azumi. Ni da kike cewa ko kaza sai na nemi gafararta kafin in yanka.

Bai mutu ba, alhamdu lillahi, kuma ina faɗin haka da rabin zuciya, Allah ya yafe mini ɗaya rabin. Alƙali ya tambayi takardar fili, babu. Ya tambayi igama, na miƙa, ya ga ta mutu tun Rajab. Ya yanke bulala arba'in, sannan a fitar da ni daga ƙasar. Faɗuwar gida kuwa ya ce tsautsayi ne, tun da an ce yaron ya fito ya ƙi.

An yi mini bulalar jiya a bakin kasuwa, gaban mutanen da nake kai wa ruwa. Na ƙirga har sha bakwai, daga nan lissafi ya ɓace, dama ban yi nisa a makaranta ba. A kife nake rubuta miki.

Dawuda na asibiti. An ɗinke fuskar, idon ya tafi. Igamarsa na da rai, shi ba za a kore shi ba. Ki yi masa addu'a. Ni ki yi mini faɗa, na fi buƙatarsa.

Rabe

Jidda, 6 ga Shawwal, 1375

Zuwa ga Shatu, uwar Dawuda.

Barka da salla. Ina fata kin ga wata lafiya, ke da Maryama da Malam. Baya ya warke, har ina kwanciya rigingine kamar mai gari. An kawo mu bakin teku, muna jiran jirgin da zai sauke alhazai ya kwashe mu zuwa Bur Sudan.

Dawuda ya zo jiya, aka bar mu muka gaisa ta wayar shinge. Ya rame, ya ɗaure rabin fuska da rawani. Kafaɗar ba za ta ƙara ɗaukar zafa ba, yanzu gyaɗa yake soyawa a unguwar Mansur. 'Yan uwa masu ruwa sun kwashe gwangwanayen da suka rage, sun hau da su dutsen Nakkasa, inda mota ba ta zuwa, sun tayar masa da ɗaki ɗaya. Ba iskar lambu, ruwa kuma sai an hau da shi. Amma ya ce ana hango fitilun Harami daga bakin ƙofa. Bai ce mini komai kan abin da na jawo ba. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Na san abin da ke ranki. Za ki ce ki mayar da kuɗin jirgi ki jira ni, mu zauna tare a nan inda kike. Kwana uku ina juya wannan magana, don ni ma ita nake so. Kada ki yi. Yaron na shafa magani da hannu ɗaya, yana dafa abinci da ido ɗaya, kuma irin girkina ya koya. Ke kuma kin taka daga Kazaure shekara bakwai, kin ƙara huɗu a bakin ruwa kina kallon inda Ka'aba take. Wautar mutum ɗaya ta isa gida ɗaya. Ku hau jirgin. Zai tarye ku a nan Jidda, Maryama ta nemi mai rawani a karkace.

Ki bar mini ɗakinki da kwanon wanki, ki gaya wa masu ba ki wankau wani tsoho zai gaje ki, su rage sa rai. In na tara abin da ya samu, an ce ana hayowa ta kwale-kwale a sauka can kudu a tako. Ban yi alkawari ba, kin ga yadda alkawarina yake ƙarewa.

Masu gadi sun ce jiragen kan yi kiciɓis a tsakiyar teku. In kin ga wani ya nufo ku cike da tsummokara, ki fito bakin ƙarfe ki duba. Zan cire hula in yi ta kaɗawa, ko ke ce ko ba ke ba.

Allah ya kai ku lafiya.

Mijinki,
Rabe