A Cire Luguden Innata Daga Tallar Maganin Basir

Zuwa ga Mai Girma Darakta na gidan rediyon nan namu na Damagaram da ke sa tallar maganin basir bayan labaran safe.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali da dukan ma'aikata, har da gardin bakin ƙofa wanda na san ya gaji da ganin fuskata.

Sunana Habu, amma in ka shigo Kara-Kara sai ka ce Habu Tsokana kafin a nuna maka gidanmu. Ni makaɗin situdiyo ne, ba ubangida, ba albashi. Mawaƙi ya zo da baitinsa a baki, in zauna gaban piyano in ɗinka masa kiɗa, ya ɗauka ya tafi. Shi ake sani, shi ake yi wa liƙi. Ban taɓa kuka da haka ba, sana'ar ke nan. Lakwal, wato makarantar boko, ban shiga ba, allo na yi, bokon nan ma a wayar salula na koya, saboda haka in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Ga abin da ke tafe da ni.

1. Kiɗan da ke ƙarƙashin tallar nan ni na haɗa shi, kuma abin da kake ji ba ganga ba ce. Turmi ne, luguden mahaifiyata. Bara da kaka wani mawaƙi ya zo in yi masa kiɗan waƙar wata amarya da za a kai Tirmini. Na gwada duk gangunan da ke cikin piyano, kowace ta fito kamar ana dukan jarka. Washegari ina zaune a tsakar gida Inna da ƙanwarta suna surfen gero, sai na ji abin da nake nema. Inna tana da hannunta: ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu, ta cafe, ta ɗan bugi bakin turmi kafin ta sauke. Duk lungunmu ba mai yin haka sai ita, ko ta bayan katanga ana gane ta.

Na roƙe ta in ɗauka, ta ce turminta ba kalangu ba ne. Ba ta sauko ba sai da na gaya mata amaryar marainiya ce, ba uwar da za ta yi mata daka ranar bikinta. Sannan ta ce in kawo na'urata, amma da sharaɗi: gidan biki kawai, kada ta ji turminta a wurin da za ta ji kunya. Na yi mata alkawari.

2. Yadda ya iso gare ku ba ɓoyayye ba ne. Mu in mun gama aiki kala biyu muke ba mawaƙi: mai murya, da kiɗa zalla wanda zai hau a wurin taro. Kiɗa zallan nan shi ne ke yawo daga salula zuwa salula, har ya faɗa rumfar masu tura wa mutane waƙoƙi a waya a kasuwa. Ban ce ma'aikacinku ya yi sata ba, tsintuwa ya yi. Kuma gaskiya yana da kunne, domin daidai inda mai maganin ya gama lissafa wahalar da mutum ke sha a bayan gida, nan Inna ke tafawa sau biyu. Da ba uwata ba ce, da na yaba aikin.

3. Yanzu ka ji abin da tallar ta jawo a gidanmu. Matan bakin famfo ne suka fara ganewa. Kafin sati ya zagayo, in Inna ta fito yara sai su tafa sau biyu su ruga. Wata baiwar Allah ta zo takanas daga Hamdara ta yi sallama, wai an ce mata a gidan nan ake daka maganin, a taimaka mata da na mijinta. Inna ta ba ta ruwa, ta raka ta ƙofa, ta dawo ta kife turminta, ta jingine taɓarya a bayan ɗaki. Tun ranar gero inji ake kai shi.

Mai Girma Darakta, tun ina yaro nake tsokanar matar nan. Na ɓoye mata takalmi ranar suna, na kira ta a waya da muryar kawuna na sa ta shara da girki tana jiran baƙon da ba zai zo ba. Kullum ƙarshenta ta biyo ni da muciya tana zagi tana dariya. Wannan karon ba zagi, ba muciya. In na gaishe ta sai ta ce lafiya, ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta ce na karya alkawari ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

4. Na zo buronku ba sau ɗaya ba. Gardi ya ce kana taro. Sakatariya ta ce in rubuto damandi, wato takardar roƙo, da Faransanci in manna mata tambur na kan sarki. Ma'aikacin da ya haɗa tallar kuwa ya san ni, yana ganina ya fara dariya tun ban buɗe baki ba, a zatonsa wata sabuwar tsiyar na kawo, don ni ne na taɓa bugo waya shirinku na gaishe-gaishe da muryar tsohuwa na gaida rabin Damagaram. Wannan na yarda, ni na saya wa kaina. Amma da ya ga ban yi dariya ba, sai ya ce ai kiɗan da ba murya ba shi da mai shi.

Maganar nan ta bi ni har gida. In haka ne, to ni ban taɓa yin aiki ba a rayuwata, tunda muryata ba ta cikin ko waƙa ɗaya. Mu da muke bayan mawaƙa ba a kiran sunanmu, amma kowace ƙara da ke cikin kiɗa daga wani hannu ta fito. Wata ta mai kalangu ce da aka ɗauko daga ƙauye, wata ta mai gurmi, wata ta tsohuwar da ta yarda don tausayin marainiya. Na'ura na raba murya da kiɗa cikin ƙiftawar ido, amma ba ta raba kiɗa da mutanen da suka yi shi.

Buƙatuna ba su da yawa, kuma ko dala ban zo nema ba.

Na farko, a cire kiɗan daga tallar. Ba ni da faɗa da mai magani, Allah ya ba masu cutar lafiya. Ya zo situdiyo in haɗa masa wani kyauta, da gangunan piyano, su ba su da 'ya'ya ba su da maƙwabta.

Na biyu, nan gaba in kun tsinci kiɗa zalla ku tambaya. Mu masu haɗawa a garin nan duk mun san juna, waya ɗaya ta isa a gaya muku hannun wa ne.

Na uku, don Allah kada ku ba da haƙuri ta rediyo. Wanda bai sani ba ma sai ya sani, shi ya sa ko a nan ban rubuta sunanta ba. In da hali, ka turo dattijo ɗaya daga cikinku ya tsuguna ya gaishe ta a gida, ya gaya mata ba ni na kai muku ba. Ni in na faɗa, Habu Tsokana ne ya faɗa.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare maka mutuncin iyayenka, ya raba ka da ciwon da kuke tallar maganinsa. Ba zan kunna rediyo don in ji ko ka amsa ba. Amsarka a tsakar gidanmu zan ji ta, ranar da aka tayar da turmin nan, na ji tafi biyu da safe.

Wassalam.

Naka, Habu Tsokana, makaɗin situdiyo, Kara-Kara, Damagaram.