Zinaren da Kwamitinka Ya Kira Zoɓo

Zuwa ga Shugaban Cibiyarmu ta Bincike da ke Idu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ce Hajara ta sashen kimiyyar haske, wadda ka sa hannu aka dakatar bisa zargin satar zinare. Na yi ta sintiri ofishinka, kullum sai a ce oga yana mitin, shi ya sa na fito fili.

Na farko, aikina. Fuskar waya irin ta hannunka, wadda ake kira OLED, da kanta take ba da haske, amma yawancinsa a ciki yake maƙalewa, batir yana ƙarewa a banza. Ina shimfiɗa mata ƙwayoyin zinare ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, don su taimaka hasken ya fito. Zinare idan ya ƙanƙance haka a cikin ruwa, ja yake komawa. Haka Allah ya yi shi, ba ni na yi ba.

Na biyu, 'yan kwamitinka na duba kaya sun buɗe firjina suna neman abu mai ƙyalli irin na ɗankunne, sai suka tarar da jan ruwa a kwalabe. Shugabansu ya ɗaga ɗaya, ya ce madam ta sayar da zinaren gwamnati ta cika firji da zoɓo. Aka kwashe da dariya. Na roƙi a gwada a na'urar da ke ɗakin kusa, suka ce wannan ba ya cikin aikinsu. Daga nan suka tuna doka ta hana ajiye abin sha a ɗakin gwaji, suka sa aka tuttular da shi a makwarara. Rashin sani ya fi dare duhu. Zinaren da kuke tuhumata a kai yana kwatar Idu, kuma ku kuka kai shi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mahaifiyata. Ta daina shiga biki a unguwarmu ta Lugbe, don mata kunnenta suke kallo, ko za su ga ɗankunnen zinaren sata.

Kwalba ɗaya ta tsira, tana kabad ɗin shugaban kwamitin a matsayin shaida. Roƙona a gwada ta a gaban kowa. In zinare ne, a wanke sunana a rubuce, a buɗe min ɗakin gwajina. In zoɓo ne, a ba ni kofi, zan shanye a gabanka.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka daga irin dariyar da aka yi min.

Wassalam.

Hajara, Lugbe.