Shekarun yara sun daina komawa kwanan wata

Auta,

Na wuce shagon ɗinki, ban jira dawowarki ba.

Wallahi kin ba ni mamaki! Kwana uku ina fama da jadawalin rigunan 'yan makarantar nan. In rubuta shekara 3-4, kwamfuta ta mayar mini 4 ga Maris. Saura kaɗan in yanka yadin mutane da ka.

Ashe gyara kika yi jiya da kika karɓe ta minti biyu. Yau na sa 3-4, ya zauna daram. Sifirin farkon lambar waya ma ya daina ɓacewa! Na saki baki har shayina ya huce.

Ki yafe mini "wasa kike" da na ce. Da yamma ki nuna mini abin da kika taɓa. Ni zan jawo miki kujera, Malama.

Yayarki