Motar Likita Mai Sabon Fenti da Tsohon Yoyo

Zuwa ga Mai girma Perezidan na kwamitin kula da gidan likitan garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, shi da iyali da baƙin da ba sa yankewa a zaurensa. Ni ne Habu, direban ambilans ɗin gidan likita, ko in ce tsohon direbanta, tunda makon jiya ka aiko mini da takardar dakatarwa. Na gode da takardar. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa motar nan, wannan ce amsa ta farko da na taɓa samu a rubuce. Da yake a ƙofar masallaci aka karanta laifina, na ga ya dace amsata ma ta bi ta gaban jama'a.

Na ɗaya, yoyon. Tun kafin daminar bara na zo na gaya maka akwatin sitiyari, wanda makanikai ke ce wa buwati, yana zubar da mai. Kullum da safe sai in tarar da jan tabo a yashi, daidai ƙafar gaba. Na yi maka bayani cewa in man ya tsiyaye, sitiyari zai yi tauri, mota ta ƙi bin hannu. Ka dube ni da tausayi ka ce, "Habu, tsohuwa ce fa. Wane tsoho ne ba ya ɗiga?" Zaure ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ba a barin dariyar Perezidan ta tafi ita kaɗai. Ka ba da umarni a riƙa ƙara mai. Daga ranar na samu ƙarin girma: ga ni direba, ga ni mai shayar da mota. In zuba a gari, in zuba a hanya, ita kuma ta raba wa ƙasar Damargu kyauta.

Na biyu, gyaran. Na kai motar wani gareji a Tanut. Makanikin ya shiga ƙarƙashi, ya fito ya ce robar da ke tare mai ta mutu, ƙarfen da take kamawa kuma ya cinye, ko an sa sabuwar roba ba za ta riƙe ba, sai dai a canza buwatin. Na kawo maka wannan magana, ka ce mutanen Tanut ba su san talaka ba, alhali ga gwani a gida. Gwanin shi ne Ilu, ƙanin matarka, wanda duk gari ya shaida ƙwarewarsa a injin niƙa. Ilu ya zo da sabulun wanki, da gam, da tsohon tiyub na keke. Ya liƙe, ya ɗaure, ya wanke hannu. Gaskiya ba zan zalunce shi ba: gyaran ya riƙe, tun daga ƙofar gidan likita har bakin rijiya.

Na uku, fentin. Da aka ji manyan baƙi za su zo daga Damagaram, sai Allah ya buɗe wa kwamiti hanya. Aka shafe motar da farin fenti har ido ba ya iya kallonta da rana. Aka gyara jiniya, aka ɗaura tuta. Ka kuma sanar da cewa an sayi sabon buwati. Ilu ya kwance tsohon, ya tafi da shi kwana uku, ya dawo da wani baƙi ƙirin yana ƙyalli. Na shiga ƙarƙashin mota in gaisa da baƙon, sai na ga tsohon sani ne. Akwai wata ƙusa da kanta ya lalace, ni na goge ta da magagari da hannuna shekarun baya, ga ta nan zaune a wurinta, ta sha fenti. Na zo na faɗa maka a kunne, don kada in kunyata kowa. Ka ce ina yi wa Ilu hassada. Baƙi suka zo, suka ɗauki hoto, suka yaba. Ka tsaya daidai inda babbar rigarka ta rufe tabon mai, abin da ya nuna mini kai ma ka san wurin.

Na huɗu, ranar da ta jawo mini takarda. Da hantsi wani makiyayi mai suna Bello ya kawo matarsa Raki a amalanken jaki, kwana biyu tana naƙuda a ruga. Majo, shugaban gidan likita, ya duba ta ya ce jini ya fara zuba, a wuce da ita asibitin Belbeji yanzu. Na cika mai, na riƙe sauran galan a gefena. Ungozoma Malama Zara ta shiga baya da ita, Bello ya zauna kusa da ni. Sau biyu ina tsayawa in ƙara mai, Bello yana cewa, "Maigida, don Allah mu tafi." A gangaren kwarin Tarka, inda hanya take lanƙwasa, abin ya fashe gaba ɗaya. Na murɗa sitiyari da hannu biyu har da ƙirji, ya ƙi. Mota ta miƙe abinta ta daki kututturen aduwa. Na ji Raki ta faɗo daga gadon, na ji ƙarar da ta yi, har yau ban daina jin ta ba.

A ƙarƙashin aduwar nan Malama Zara ta karɓi haihuwar, da goshinta a fashe, jininta yana ɗiga a kan zanen mai jego. Ni da Bello muka riƙe tabarma muka yi musu katanga, fuskokinmu a juye. Bello bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Addu'a kawai yake yi da Fillanci. Motar ƴan kasuwa mai ɗauke da awaki ce ta tsaya, aka sauke awaki biyar aka kwantar da Raki. Ba ta da fenti, ba ta da jiniya, amma inda direbanta ya juya ta nan take bi. An ƙara wa Raki jini a Belbeji. Tana raye, ɗiyar ma tana raye, sai dai har yanzu uwar ba ta iya ɗaukar tulu.

Na biyar, takardarka ta ce gudun wuce kima ne sanadi. Alhaji, a giya ta biyu nake, cikin yashi. Kafin gangaren wani mai raƙumi ya wuce mu har ya juyo ya yi mana sannu. Ina roƙo a nemo shi a dakatar da shi ma.

Buƙatuna kaɗan ne. A kwance buwatin nan a gaban majo da maigari, a kankare fentin, kowa ya gani. A sa na gaske, ko na hannu ne in dai lafiyayye ne, kuma makanikin mota ya ɗaura, a bar Ilu ya koma wa masu niƙa da suke kewarsa. A je a gaida Raki da Malama Zara, don har yau ba wanda ya taka daga kwamiti. A janye takardar a inda aka karanta ta. Kafin nan kuma, don girman Allah, kada a ba ɗan kowa makullin motar nan, ko da an sake mata fenti.

Allah ya ja zamanin Perezidan, ya ƙara masa baƙi masu ɗaukar hoto. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, kai da matanka da ƴaƴanka mata, ya sauke su lafiya a ɗakunansu, kada ya nuna maka ranar da ɗayarsu za ta kwanta a bayan motar nan. Wannan addu'ar ta ƙarshe babu wasa a cikinta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habu direba